Kaset Ɗin Baba Ya Yi Hunhuna, Da Sauran Wasiƙunku

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata sun fi na kullum yawa, kuma fiye da rabinsu a kan tsofaffin fina-finai suke. Ga waɗanda yau suka fara leƙo wannan fili, ni tsohon mai shagon hayar kaset ne a Birnin Kebbi. Na buɗe shago a 1996, na rufe a 2015, shekara goma sha tara ina jera kaset da faifai a kan katako ina rubuta sunan mai haya a littafi. Abin da na sani a can na koye shi. Zan fara da wasiƙar da na karanta sau uku kafin in iya ɗaukar biro.

TAMBAYA: Baba mai kaset, ina wuni, ya iyali? Mahaifinmu ya rasu bara. Da munka zo gyaran ɗakinshi sai munka iske wata babbar jaka cike da kaset na bidiyo, sun fi arba'in. Akwai Sangaya da Wasila da na Ibro da yawa. Akwai kuma guda da ya rubuta ma baya da biro, "Sunan ɗiyata, 1998." Sunana ne, Baba. Inna ta ce a ciki akwai shi yana riƙe da ni, akwai kakarmu tana magana. Amma in na duba ta gilashin kaset ɗin ina hangen wani farin abu kamar gari bisa zaren. Ƙanena ya ce bari shi samo bidiyo aro mu saka mu gani. In bar shi?
Daga wata 'yarku a Jega

AMSA: 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinku da kakarku, ya sa sun huta. Kada ki bar shi. Ki gaya wa ƙanenki in ji ni, kaset ɗin nan kada ya shiga bakin kowace na'ura tukuna.

Farin abin da kike gani hunhuna ce, wadda wasu ke kira fumfuna, irin dai wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Danshin damina ne ya shiga jakar, zafin bazara ya zo ya dafa. Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin maganaɗisu, a jikin wannan garin hoto da murya suke. Hunhuna tana manne zaren da junansa. In aka saka shi a bidiyo haka nan, na'urar za ta finciko shi da ƙarfi, wurin da ya manne ya ɓare ko ya tsinke, ragowar dattin ya toshe kan bidiyon, sannan duk kaset ɗin da aka saka bayansa ya kwashi cutar.

Ba labari aka ba ni ba. Wata damina rufin shagona ya yi yoyo ta kusurwar baya ban lura ba, kuma a wannan kusurwa na ajiye kaset ɗin bikina. A ciki akwai mahaifiyata zaune a kan tabarma tana yi wa amarya nasiha, hannunta ɗaya riƙe da carbi. Bayan rasuwarta da wata biyu kewa ta dame ni, na ɗauko shi da daddare bayan na rufe ƙofar shago, na ga farin nan, na hure shi da baki na tura. Na ga fuskarta kamar na daƙiƙa goma. Sai hoton ya fara rawa, na ji wata ƙara ƙasa-ƙasa a cikin na'urar. Da na buɗe, zaren ya cukuikuye a jikin ƙarafa, daidai wurin da take magana ya zama kamar ganyen da akuya ta tauna. Sauran bikin yana nan har yau, masu kiɗa da masu cin abinci duk suna nan. Muryarta ce kawai ta tafi. Shi ya sa nake miki magana da ƙarfi.

Ga abin da za ki yi. Ki fito da su duka daga jakar yau ɗin nan, ki ware masu farin daban, masu tsabta daban, kada su sake haɗuwa. Ki ajiye su a inuwa inda iska ke ratsawa, amma ban da shanya a rana, domin ranar Jega ta watan Afrilu za ta lanƙwasa robar ta gama da zaren. Ki jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da lasifika da bayan talabijin da duk abin da ke da maganaɗisu. A gefen kowane kaset akwai wani ɗan harshe na roba, ki ɓalle na kaset ɗin sunanki, ta haka ko wani ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ba zai goge abin da ke ciki ba.

Daga nan ki nemi tsohon mai gyaran bidiyo, wanda ya yi aikin tun zamanin kaset, ba yaron da ya tashi a gyaran waya ba. Shi zai buɗe kwanson, ya juya zaren a hankali yana sharewa da ƙyalle mai laushi marar gashi, in ta kama ya sauya masa kwanso mai tsabta. Ya rufe hancinsa lokacin aikin, ƙurar ba ta da kyau ga ƙirji. In ya tsabtatu, kallon farko ya zama shi ne na kwafewa. Akwai 'yar na'ura da ake haɗa bidiyo da kwamfuta da ita, kaset na tafiya kwamfuta na ɗauka. Ba a gaggauta ta: kaset na awa uku, awa uku zai ci. A tanadi janareta ko sola, kada wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki.

In kin samu hoton a kwamfuta, kada ki yarda da wuri guda. Ɗaya a hannunki, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa a wani gari, ɗaya a intanet, ko a Google Drive ne. Memori yakan mutu ba sallama, waya takan faɗa rijiya. In za ki tura wa dangi ta WhatsApp ki sani yana matse hoto ya rage masa kyau, saboda haka wancan na kallo ne, ba na ajiya ba. Kaset ɗin kansa kuma kada ki jefar bayan an kwafe. Ki hanzarta, domin kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyon kaset, ya daina tun 2016. Waɗanda suka rage a gidaje kullum raguwa suke.

Su Sangaya da Wasila ma ki riƙe su da daraja. Sangaya na 1999 ne, na kamfanin Sarauniya, shi ya ɗaga Ali Nuhu da Fati Muhammad. A shagona sai da na ajiye kwafi shida kuma duk da haka ana rubuta suna a layi. Amma ki fara da na sunanki. Waɗancan akwai su a hannun wasu, wannan ke kaɗai gare ki a duniya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin tarihi ne. Malaminmu ya ce an taɓa yin fim a kan Kanta tun kafin a haife mu. Abokaina sun ce ba gaskiya ba ne, wai fim ɗin Hausa a Kano ya fara a 1990. Wa ke da gaskiya?
Daga wani ɗalibi a Argungu

AMSA: Ɗana, malaminku ke da gaskiya, abokanka kuma sun riƙe rabinta. Abin da ya fara a Kano a 1990 shi ne fim ɗin bidiyo na kasuwa, wato Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda aka ɗauka a kaset aka sayar a kaset. Daga nan harkar ta yi reshe har marubuci Sunusi Shehu Daneji ya raɗa mata suna Kannywood a ƙarshen shekarun 1990. Amma kafin wannan akwai zamanin majigi, lokacin da motar gwamnati ke shiga gari a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha'i. Tsofaffinku za su tuna Baban Larai na shekarun 1950, mai koyar da noman zamani. Bayansa aka yi manyan fina-finai a kan zaren silima, irin wanda ake naɗewa a gwangwani.

Gwanin wannan zamani shi ne marigayi Adamu Halilu. Shi ya yi Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma shi ya yi Kanta of Kebbi a ƙarshen shekarun 1970, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, tunda Jihar Kebbi sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Ka ga ke nan an ɗora kyamara a kan labarin Muhammadu Kanta, mutumin da ya tsaya wa Askiya na Songhai a ƙarni na 16 ya gina Surame, shekaru fiye da goma kafin Turmin Danya. Cikin shekara goma sha tara da na yi a shago, a babban birnin jihar da ke ɗauke da sunan masarautarsa, ko sau ɗaya wannan fim bai zo hannuna a kaset ko faifai ba. Na ba da hayar fina-finan Indiya da na Sin dubbai, na Kanta kuwa ban ba kowa ba. Wannan abu yana ci mini rai.

Abin da ya faru da Shaihu Umar ne ya hana ni yanke ƙauna. Shekara da shekaru ana ɗaukar fim ɗin a matsayin wanda ya ɓace. A 2016 aka gano gwangwanayensa cikin tsofaffin kayan ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, wata cibiya a Berlin ta Jamus mai suna Arsenal ta ɗauki nauyin gyaransa, aka wanke zaren aka kwafe shi hoto bayan hoto zuwa kwamfuta, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Labarin yaron da aka sace aka ratsa Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa tana nema, ya dawo da kalarsa da Hausarsa bayan shekara arba'in. Zaren silima in ya tsufa a wuri mai zafi yakan fara warin tsami kamar ruwan kal, ya ƙanƙance ya dunƙule, daga nan ba mai iya ceto shi. Shaihu Umar ya tsira ne domin an riske shi kafin ya kai can.

Kai ɗalibin tarihi ne, kuma a garinku gidan tarihin Kanta yake. Ku haɗu da malaminku ku rubuta takarda zuwa ga hukumar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, inda ma'ajiyar fina-finan ƙasar nan take, ku tambayi fim ɗin Kanta da sunansa da sunan daraktansa. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban hukumar, mutumin da ya san zafin harkar daga ciki. Ku kai kwafin takardar fadar Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu da ma'aikatar al'adu ta jiha. Ina fatan in ga ranar da za a kafa farin ƙyalle a Argungu a daren bikin kamun kifi, Kabawa su zauna su kalli Kanta.

TAMBAYA: Malam, gaisuwa da fatan alheri. Ni dattijo ne, na ba saba'in baya, jikana ne ke rubuta mini. An ce mini Sarkin Ƙarfi ya mutu, shin gaskiya ne? Sannan akwai gardama tsakanina da aminina tun muna samari. Shi ya ce a ƙarshen Sholay mai yankakkun hannuwan nan ya kashe Gabbar, ni kuwa da idona na ga 'yan sanda sun zo sun tafi da shi. Raba mu.
Daga wani dattijo a Yauri

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida jikan da ya riƙe biro. Gaskiya ne. Dharmendra, wanda Hausawa suka raɗa wa Sarkin Ƙarfi, ya mutu ranar 24 ga Nuwamba 2025 yana da shekara 89. Yaran yanzu ba za su gane yadda muka mayar da mutanen nan 'yan gida ba, har muka ba su sunaye kamar 'yan unguwa. Sanjay Dutt shi ne Ɗan Daba Mai Lasin. Dattijo zai shigo shagona ba ya jin kalma ɗaya ta Indiyanci, ya ce a ba shi na Sarkin Ƙarfi, ya dawo washegari ya ba ni labarin tun daga fari har ƙarshe bai kuskure ko ɗaya ba.

Gardamarku kuwa, Baba, ku duka biyu kuna da gaskiya, kuma ba don in faranta muku na faɗa ba. Sholay ya fito ranar 15 ga Agusta 1975, Ramesh Sippy ne darakta. Yadda ya ɗauki ƙarshen tun asali, Thakur, wanda Sanjeev Kumar ya fito a matsayinsa, shi ya kashe Gabbar Singh da ƙafa, da takalmi mai ƙusoshi, tunda Gabbar ya sare masa hannuwa biyu ya kuma karkashe iyalinsa. Amma a lokacin Indiya tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, hukumar tace fina-finai ta ƙi yarda a nuna tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa. Dole aka sake ɗaukar ƙarshen, 'yan sanda suka iso a daidai gaɓar suka kama Gabbar. Wannan shi aka nuna a silima, shi ka gani da idonka. Daga baya ƙarshen na asali ya fito a wasu kaset da faifai, ka ga ke nan amininka ma ba ƙirƙira ya yi ba. A shekarar 2025, da fim ɗin ya cika hamsin, wata gidauniyar adana fina-finai ta Indiya ta gyara shi tsaf da ƙarshensa na asali, aka fara nuna shi a birnin Bologna na Italiya a watan Yuni.

In ka tambaye ni wanne ya fi, na fi son wanda ka gani. Na san samari za su ce jinin Gabbar ya halatta, kuma Amjad Khan, wanda ya fito a matsayin Gabbar, ya yi muguntar da ta sa kowa ke son ganin bayansa. Amma wurin da ke tsaya mini a rai a fim ɗin ba nan ba ne. Wurin da Jai, wato Amitabh Bachchan, ya mutu a hannun amininsa Veeru ne, wato Sarkin Ƙarfi, sannan Veeru ya duba kuɗin da suke jefawa su yanke shawara ya ga fuska biyun iri ɗaya ne, ya gane cewa duk tsawon zamansu abokinsa ne ke zaɓar wa kansa wahala. Na ga ƙarti majiya ƙarfi suna share ido da hular kansu a wannan wuri. Bayan wannan, ko an kashe Gabbar ko an ɗaure shi, rashin ya riga ya auku. Ka samu amininka ku zauna ku sake kallonsa tare, Baba, jikanka zai nemo muku a waya.

TAMBAYA: Yaya, don Allah mi ya sa yanzu ba a samun sabbin fina-finan Hausa a faifai? Mu nan ba kullum ke da sabis mai ƙarfi ba, data kuma ta yi tsada. Ni na fi son in sayi abina in ajiye.
Daga wata matar aure a Kamba

AMSA: Ƙanwata, tambayarki ita ce tarihin rufe shagona. Da, furodusa zai gama fim ya kai wa 'yan kasuwa a Kano, a Bata ko Ƙofar Wambai, su buga su rarraba. Mu na nesa kwali ke iso mana a mota, ta Funtuwa da Gusau, wani lokaci kwana biyu bayan fitowarsa. Ranar da sabon kaya ya sauka ba na samun cin abincin rana. Da aka koma faifan CD abin ya ƙara sauƙi, sai dai faifan bidiyo na farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti saba'in zuwa tamanin, wannan na cikin dalilan da suka sa kika saba ganin fim na ɗaya da na biyu. Amma sauƙin nan shi ya zama ajalin kasuwar. Kaset sai ka zauna awa biyu kafin ka kwafi ɗaya, kuma kwafin ba ya kai na asali kyau. Faifai kuwa minti kaɗan ne, kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Masu satar fasaha suka cika kasuwa. Kafin a farfaɗo sai ga wayoyi masu memori, 'yan dawunlodin suka kafa tebur da kwamfuta a kowace kwana, mutum ɗaya ya sayi faifai ɗaya ya tura wa gari guda a kan 'yan canji. Furodusan da ya kashe kuɗinsa ba ya ganin ko sisi daga wannan. Ba na zagin yaran nan, abinci suke nema, da yawansu ma a shagona suka taso. Amma rijiyar da kowa ke ɗiba ba mai yasa, ƙarshenta ƙafewa.

Sai masu fim suka bi inda kuɗi ya koma. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya nuna cewa mutane za su bi labari mako-mako shekara da shekaru. Daga 2020 fina-finai masu dogon zango suka mamaye ko'ina, Labarina na Aminu Saira, Izzar So na Lawan Ahmad, da sauransu, a talabijin da YouTube, inda talla ke biyan kuɗin aiki. Manyan fina-finai kuma sai a kai su silima a Kano ko a manhajojin biya. Mai Martaba, wanda Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024, da Hausa aka yi shi, amma matar aure a Kamba ba ta da shagon da za ta aika yaro ya sayo mata. A ganina wannan gibi ne babba, kuma masu harkar sun yi saurin mantawa da mutanen karkara da na bakin iyaka, waɗanda su suka riƙe su shekara ashirin.

Shawarata, in kin samu sabis mai kyau, ko da dare ne lokacin da data ke araha, ki shiga tashar masu fim ɗin ta asali a YouTube, ba ta waɗanda suka sata suka sake ɗorawa ba. A cikin manhajar akwai wurin saukewa don kallo daga baya, ga bidiyon da masu shi suka ba da dama, kuma kina iya zaɓar ƙaramin hoto don ya rage cin data. Faifan da kike da su kuma ki riƙe su da kyau. Ki riƙa kama su ta gefe, in za ki goge ki fara daga ramin tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Mutane suna tsoron ƙarzuwar ƙasan faifan CD, alhali bayansa mai hoto ya fi haɗari, domin abin da aka naɗa yana dab da wannan fentin. In ya ɓare ta nan, ba gyara.

Ga masu shirya fim da ke karanta wannan fili, roƙona ɗaya ne: ku ajiye uwar aikinku a wuri fiye da ɗaya. YouTube ba rumbunku ba ne, tasha takan rufe dare ɗaya.

TAMBAYA: Malam, yarana sun kamu da fassarar Indiya-Hausa, sun fi son ta da fim ɗin Hausa. In hana su?
Daga wani uba a Zuru

AMSA: Malam, kada ka hana su kai tsaye, ka zauna ka kalla tare da su. Masu fassarar nan, irin su Algaita, suna da gwaninta ta gaske, sun sa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana bin labari daga Madras. Damuwata biyu ce. Yawancin abin da ake fassarawa fina-finan faɗa ne na kudancin Indiya, jini ya yi yawa ga ƙaramin yaro. Sannan wasu masu fassarar kan cusa zagi da baƙar magana irin ta tasha don a yi dariya, yaro kuma da safe zai maimaita wa ƙanwarsa. Ka fara kallon fim kai kaɗai kafin ka ba su, wanda bai yi maka ba ka goge shi daga wayar.

TAMBAYA: Baba, wanda ya fito a Umar Mukhtar Balarabe ne? Kuma wace shekara Ibro ya rasu?
Daga wani ɗan acaɓa a Bunza

AMSA: Ɗana, ba Balarabe ba ne. Sunansa Anthony Quinn, haifaffen ƙasar Meziko, ya mutu a 2001. Shi ne kuma ya fito a matsayin Sayyidina Hamza a fim ɗin tarihin Musulunci na 1976, a zubin Turancinsa. Daraktan duka biyun Mustapha Akkad ne, mutumin Siriya, wanda harin bam ya yi ajalinsa a Amman ta Jodan a 2005. Umar Mukhtar na gaskiya kuwa malamin allo ne ɗan Libiya, ya yi shekara kusan ashirin yana yaƙar Italiyawa har suka rataye shi a 1931. Duk watan azumi kaset ɗin nan ba ya kwana a shagona. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014, Allah ya jiƙansa da rahama. Ranar da labarin ya iso, mutane sun yi ta tsayawa a ƙofar shagona suna yi mini ta'aziyya kamar ɗan'uwana ne ya rasu.

Sauran wasiƙu sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. 'Yata ta Jega, na dawo gare ki. In kin nemi bidiyo mai lafiya kin rasa, akwai guda biyu da na riƙe lokacin da na rufe shago, suna lulluɓe da zane a ɗakina, ina kunna su duk wata don kada bel ɗinsu ya bushe. Ki rubuto ta ofishin mujalla. Ranar da ƙanenki zai shigo Birnin Kebbi ya taho da kaset ɗin a cikin kwali, ba a leda ba, kuma kada ya ɗora shi a bayan mota inda rana ke duka. Ku zo da Inna in tana iya tafiya.